BASHIN DAMANA, BIYAN KAKA

Jawabin da malamin lakwal ya yi gaban taron ƙungiyar gari

   

Shugabannin ƙungiya sun ce mu yi magana bisa bashi. Da fari mun so mu ƙi, don mun san akwai mai cewa: mi mushe ya sani ga bashi, shi da ke jiran albashi ƙarshen wata? To, ku tambayi mai kantin bakin kasuwa, sunanmu na cikin littafinshi. In albashi ya yi jinkiri, shinkafa da mai da sabulu duk rubutawa ake. Ranar da kuɗɗin sunka fito, kafin mu iso gida daga birni, rabinsu ya riga ya zama na wani. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Saboda haka ba faɗa munka zo yi ma kowa ba. Allo da alli munka kawo, mu yi lissafi tare, irin wanda muke koya ma ɗiyanku.

Cikin aji da tamma muke ƙirga, kamar yadda anka koya mana da faransanci. Yau za mu ƙirga irin na kasuwa: dala guda tamma 5, jikka guda dala 200. Buhu kuwa tiya 40. Farashin da za mu faɗi misali ne, kowa ya maida shi ga na bana.

Mu ɗauki magidanci mai baki takwas. Watan Yuli, ana tsakiyar noma, rumbunshi ya ƙare. Tiyar hatsi ta kai dala 160. Ya tafi wurin mai hali ya amso jikka 8, ya sayi tiya 10. Sharaɗi shi ne in kaka ta yi, bayan wata uku, ya maido jikka 12. Kaka ta yi, hatsi ya cika kasuwa, tiya ta faɗo dala 100. Tiya nawa zai auna kafin ya haɗa jikka 12? Ɗan aji huɗu ya iya ba mu amsa: tiya 24. Ya ci 10, ya biya 24. Tiya 14 sun fita daga gidanshi ba wanda ya sha furarsu. Gida mai baki takwas na cin wajen tiya 2 kullum, ke nan cimakar kwana bakwai ce ta tafi.

Ku dakata, ba nan lissafin ya tsaya ba. Baɗi rumbun nan zai ƙare kwana goma sha biyu kafin lokacin da ya ƙare bana, ko da damana ta yi kyau daidai da ta bana. Tiya 24 ɗin nan da ya biya sai ya sayo su ga farashin damana, jikka 19 da dala 40. Ga kuma giɓin da ya saba, jikka 8. Mutumin da ya ranci jikka 8 bana, baɗi jikka 27 da ƴan kai zai nema. Bai yi aure ba, bai sayi moto ba, bai ƙara komi ga tukunya ba.

Wannan ƙarin na jikka 4 bisa jikka 8, rabi ne cikin wata uku. In an ja shi zuwa shekara, ninki biyu ne na uwar kuɗɗi, wato 200 cikin 100. Dokar ƙasashenmu masu kuɗɗin sefa da ta fara aiki cikin 2014 ta hana asusun ƙananan rance ɗaukar fiye da 24 cikin 100 ga shekara. Bisa wannan ƙa'ida, jikka 8 na wata uku ruwansu bai wuce dala 96 ba. Amma doka na birni, mai ba da bashi na ƙofar gida, kuma shi ba ya tambayar takarda.

Za a ce to, don mi bai jira hatsi ya yi tsada ba kafin ya saida? Don kaka duk masu bi ke tashi gaba ɗaya. Mai bashi na ƙofa, ga lanho, ga shigar lakwal cikin watan Oktoba (mun sani, mu ke aiko maku da takardar kayan da za a saya), ga auren da anka ɗage sai bayan girbi. Gari duka na saidawa rana guda, dole farashi ya faɗi. Ɗan kasuwa mai ƙarfin jira ya saye ya ajiye cikin mangaza. Wata shida ko bakwai baya, hatsin da munka noma da hannunmu shi muke komawa mu saya.

Ba mu ce duk mai ba da bashi azzalumi ba ne. Ranar da ɗa ya kwanta da masassara cikin dare, ga takardar magani a hannu, wanda ya buɗe ƙofa ya ba ka jikka 5 ya yi maka rana. Shi ma akwai masu cinye mashi kuɗɗi. Maganar halal da haram ta ribar bashi, Liman ya fi mu saninta, ya kuma sha faɗinta bisa mumbari. Mu namu lissafi ne.

Abin ba yau ya fara ba. Tsofaffi na nan, in mun yi kuskure su gyara. Zamanin gujiya, cikin 1962 anka kafa SONARA mai sayenta da UNCC mai kula da ƙungiyoyin manoma da rance. Lokacin manomi na da abin saidawa wanda ba cimakarshi ba: gujiya ta biya lanho, hatsi ya zauna rumbu. Farin 1973 da ciwon gujiya na 1975 sunka karya wannan noma. Yunwar 1984 ta cinye bisashen da ake saidawa in an matsu. Cikin Janairun 1994 anka rage darajar sefa da rabi, magani da takin zamani da duk abin da ke zuwa daga waje ya hau. Shekarar 2005 kuwa mun gan ta da idonmu, muna yara. Bayan fari da fara na 2004, hatsi na nan jibge cikin kasuwar Maraɗi, kuɗɗin saye ne babu. Wasu gidajen da sunka ci bashi ko sunka jinginar da gona shekarar nan, har yau ba su miƙe ba.

Jingina ita ce ta fi ba mu tsoro. Bashin hatsi na cin rumbu, ita kuwa gonar take ɗauka gaba ɗaya. Mutum ya amshi jikka 100 ya ba da gonarshi, da niyyar baɗi ya fanshe. Da mi zai fanshe, tun da abin da zai noma ya samu kuɗɗin shi ne ya bayar? Shekara ta biyu ya koma a ƙara mashi jikka 30, ta uku a ƙara 20. Ranar da abin da ya amsa ya kusa kuɗɗin gonar, sai a ce a cika mashi, ta zama saye. Mun ga magidanci yana ƙodago cikin gonar da ubanshi ya sare. Mun ga kuma shari'a gaban sarki bayan masu maganar sun rasu, ɗiyan wannan na cewa jingina ce, ɗiyan wancan na cewa saye ne, shaidu sun tsufa ko sun bi su. Alhali tun dokar karkara ta 1993 an tanadi kwamitocin ƙasa, waɗanda ake kira Kofo, masu ba da takardar jingina ko saye ko aro. Wanda larura ta kai shi ga jingina, ya roƙi takarda, a rubuta kuɗɗi da iyakar gona da sunayen shaidu. Wanda ya ce takarda rashin yarda ce, a tuna mashi ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, cikin Baƙara, maganar rubuta bashi take yi.

Yanzu maganar biki. Duk taron da anka yi bisa kuɗɗi, sai maza su juya su dubi mata: su ne masu biki, su ne masu kayan ɗaki. Akwai gaskiya ciki. Ƙawa ta kawo maki jikka guda ranar suna, ranar nata ki kai biyu, ita ta maido huɗu. Mai ƙawaye ashirin, ku lissafa. Mun san uwar da ta saida akuyarta ta ƙarshe don kwanonin jere. Amma iyayenmu mata, ku yi mana shaida: ranar da hatsi ya ƙare, kuɗɗin wa ke ɗora tukunya? Na ƙuli-ƙuli da ƙosai da fura ne. Kwanonin nan da akuyar nan su ne asusun mace, su take saidawa ranar ciwo. Mu maza fa? Shekara guda ta yi albarka, sai a ƙaro mata da bashi. Shayi da sukari ga fada, goro, taba, kuɗɗin salula. Dala 60 kullum ba a jin fitarsu, amma cikin wata jikka 9 ne, sun wuce bashin nan da munka rubuta ga allo. Mun yi wannan lissafi bisa kanmu kafin mu zo, ba mu ji daɗin amsar ba.

Samari kuma sun ce maganinta tafiya. Wasu sun tafi Kano da Legas, wasu Aljeriya da Libiya, wasu sun bi zinariyar Jado tun 2014. Akwai gidajen da kuɗɗin ci-rani ne ke riƙe da su, ba mu musu. Sai dai kuɗɗin mota sau da yawa bashi ne, kuma mai tafiya ba ya da iko bisa abin da zai taras. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa daga 2023 zuwa farkon 2024. Naira ta faɗi cikin 2023, wanda ya aiko guminshi na wata uku, da anka canza zuwa sefa, bai kai abin da ake jira ba. Mai bashi ko, sefa ya bayar, sefa yake bi.

To mi ya rage? Abu biyu mun ga suna aiki, ba kuwa nesa ba.

Na fari, Mata Masu Dubara. Nan jihar Maraɗi anka fara shi cikin 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu ƙasashen Afirka da yawa. Mata su haɗu, kowane mako kowace ta zuba abin da anka yanke cikin akwati mai kwaɗo, mabuɗan na hannun mutane daban-daban, ba a buɗewa sai gaban kowa. Mai bukata ta ranta, ta maido da ɗan ƙari, ƙarshen zagaye a raba duka. Ƙarin bai bar gari ba, ya koma ga masu zubi. Ba wani baƙo da ya kawo kuɗɗin. Mata sun yi shekara fiye da talatin suna yi, mu maza muna zaune gindin bedi muna kallo.

Na biyu, ajiyar hatsi a amshi rance bisa kanshi, wanda ma'aikatan gona ke kira waranta. An soma gwada shi ƙasar nan wajen 1999. Kaka manoma su zuba buhunansu cikin mangaza mai kwaɗo biyu, mabuɗi guda ga ƙungiya, guda ga asusun da ya ba da rance. A ba kowa wani kashi na darajar buhunshi, ya biya bukatun kaka, ya yi kiwo ko noman rani. Bayan wata biyar ko shida ya maida rance ya ɗauki hatsinshi lokacin da ya yi tsada. Mu faɗi aibinshi tun yanzu: akwai shekarar da farashi ba ya hawa, sai ka biya ruwa da kuɗɗin ajiya banza. Wake kuma in ba a tsare shi ba, ƙwari su gama da shi. Kuma wanda hatsinshi duka na mai bashi ne tun yana gona, ba ya da buhun da zai kai.

Mun ji ana gunaguni daga baya, mun san dalili. An taɓa yin bankin hatsi garin nan, ya mutu. Ba ɓarawo ya fasa shi ba. Mu munka kashe shi. Wannan ya ɗauka ya ce kayan gwamnati ne, wancan ɗan uwan mai mabuɗi ne ba a iya tambayarshi, littafi kuwa ya yi wata huɗu ba a rubuta komi ciki ba. Shekara uku, sai ɗaki da ɓeraye. In za mu sake, sai mun yarda tun yau cewa ana karanta sunan wanda bai biya ba gaban taro, ko wane ne, ko da mushe ne.

Ga abin da muke roƙon ƙungiya ta duba. Kaka mai zuwa kowane gida ya kawo tiya 5, wanda ya fi ƙarfi ya ƙara. Kada a taɓa hatsin sai watan Yuli. Wanda ya ɗauki tiya 10 ya maido 11, guda ɗin don gyaran ɗaki da abin da ya lalace. Malamai su duba mana wannan, in da gyara su faɗi. Mabuɗi uku: ɗaya ga dattawa, ɗaya ga mata, ɗaya ga samari. Littafi mu da abokan aikinmu mun ɗauki nauyin rubuta shi da Hausa, kuma kowane ƙarshen wata ɗaya daga cikin ƴan aji shida ya tashi ya karanta shi da ƙarfi, don iyayen da ba su yi karatu ba su ji daga bakin ɗiyansu.

Gida nawa za su shiga, wane ɗaki za a gyara, wa zai riƙe mabuɗi, wannan na taro mai zuwa ne, ranar Lahadi bayan la'asar, nan ƙofar maigari. Kafin nan, wanda ke da bashi ko jingina da yake so a lissafa mashi ko a rubuta, ya same mu lakwal bayan an tashi yara. Abin da ya faɗa mana ba zai fita daga aji ba. Maigari, mun maida magana hannunka.