Jawabin Magatakarda Kan Maganar Wayar Ƙungiya



Tun bara ake matsa mana mu sayi Samsung Galaxy S24 da kuɗin ƙungiya, wai tana fassara magana ana cikin kira. Gaskiya ne. Ta fito a Janairun 2024 da harsuna 13, har da Faransanci da ke wahalar da 'yan'uwanmu na Bawku idan sun tsallaka Togo. To amma mun aro mun gwada: ba ta jin Hausa, balle Dagbani. Mai Turanci kaɗai take yi wa tafinta, mu nawa ne? Ko kan caja babu a kwalinta. Masu doya na Bimbilla da Salaga sun ce Tecno ta ishe su kira da MoMo.

Shawararmu, a bar kuɗin cikin asusun rance. Wanda ya yarda ya ɗaga hannu.