Hikima da Tsoron Allah a Littattafan Ibraniyawa



Ibraniyawa ba su taɓa cewa hikima tasu ce su kaɗai ba. Ko Littafin Sarakuna na Farko, da ya tashi yabon Sulemanu, sai ya auna shi da masanan Masar da na gabas. A 1923 Wallis Budge ya wallafa wani tsohon rubutun Masar da ke ajiye a Landan, wato nasihar Amenemope ga ɗansa, mai babi 30. Shekara na zagayowa, Bajamushen nan Adolf Erman ya nuna irin kamar da ke tsakaninsa da Karin Magana, daga sura 22 aya 17 zuwa gaba. Duka biyun sun hana cutar matalauci, da matsar da iyakar gona, da abota da mai zafin rai. Amenemope ma ba marar ibada ba ne, kada mu tauye masa haƙƙi. Amma marubutan Isra'ila sun aza dukan ginin a kan tsoron Ubangijinsu, suka mai da shi sharaɗin farko. Ku duba Karin Magana 1:7 da 9:10, da Zabura 111:10.

To, wane irin tsoro ne? A ganina Littafin Firistoci 19:14 ya fi kowane wuri fayyace shi. A can aka hana zagin kurma da sa wa makaho abin tuntuɓe, nan take kuma aka haɗa hanin da tsoron Allah. Kurma ba zai ji zagin ba, makaho ba zai ga wanda ya ajiye dutsen ba, babu mai kai ƙara gaban alƙali. Ashe tsoron da ake nufi shi ne wanda ke riƙe hannun mutum a inda ba shaida.

Shi ne ya riƙe Shifra da Fuwa, ungozomomin da Fir'auna ya umarta su kashe jarirai maza na Ibraniyawa. Suka ƙi, da ya tuhume su kuma suka ba shi amsar da ta ɗaure masa baki. Ku gwama su da Yonadab a Sama'ila na Biyu, sura 13. Shi ma kaifin basira gare shi, amma da ita ya shirya wa Amnon dabarar da ya keta mutuncin 'yar'uwarsa Tamar. Basira ɗaya ce, abin da ke jan linzaminta ne ya bambanta.

Sai dai kada mu yi saurin cewa mai tsoron Allah ya tsira daga wahala. Ayuba mai tsoron Allah ne tun daga ayar farko ta littafinsa, duk da haka ya rasa 'ya'ya goma da dukiya da lafiya. Abokansa uku suka zo da karatun da suka haddace, wai ba a shan azaba sai da laifi. Sura 28 ta amsa musu da misalin masu haƙar ma'adinai: ɗan Adam ya iya tono zinariya da tagulla daga cikin duhun ƙasa, amma bai gano maɓoyar hikima ba. Rabonsa daga cikinta shi ne tsoron Ubangiji da guje wa mugunta.

A sura 42 kuwa, waɗannan masu kare Allah da baki su ne Ubangiji ya yi fushi da su, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Ina roƙon masu wa'azi da masu koyarwa su karanta surorin nan biyu kafin su yanke wa wani mai wahala hukunci.