AYOYIN ALLAH A CIKIN RUWA: DAGA GULBIN RIMA ZUWA ƘASAN TEKU

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin tudu da teku. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.), da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.



Maudu'in laccarmu ta yau shi ne halittu masu ban al'ajabi da ke cikin ruwa. Mai yiwuwa wani ya ce me ya haɗa mutumin Ambursa da teku, alhali mafi yawanmu ba mu taɓa ganinsa ba? Amsa ita ce, ruwan da ke shayar da shinkafarmu a wannan fadama ba nan yake tsayawa ba. Yana wuce Birnin Kabi, ya haɗu da gulbin Zamfara da na Ka, ya faɗa Kwara, ya bi ta Yawuri da Kainji da Lakwaja, har ya zube a tekun Atlantika. Sa'an nan kuma mu mutanen ruwa ne, kuma mun ga yadda halittar ruwa ke raba mutane gida biyu. Wani ya ga abin mamaki ya ce Subhanallahi, imaninsa ya ƙaru. Wani ya ga wannan abin dai, ya ji tsoronsa, har ya yanka masa kaza. Abin da ya raba su shi ne ilmi.

ABIN DA KE ƘOFAR GIDANMU

Bari mu fara da abin da masuntanmu suka sani. Ga gaiwa. Kifi ce, amma Allah Ya yi mata huhu, tana leƙowa saman ruwa ta shaƙi iska. Idan aka tsare ta a ƙasan ruwa aka hana ta leƙowa, sai ta mutu kamar yadda mutum ke nutsewa. Idan fadama ta soma ƙafewa, sai ta kutsa cikin laka, ta naɗe, ta lulluɓe jikinta da yauƙi wanda ke bushewa ya zama kamar jaka, ta bar 'yar kafa guda ta numfashi. Haka za ta kwanta watanni ba ci ba sha, jikinta na rayuwa da tsokarta a hankali, har damina ta dawo. Wannan ne asalin abin da mutanenmu ke faɗa, cewa gaiwa jikinta take ci. Manomi ya sha tono ta da fartanya a busasshiyar ƙasa, ga ta da ranta. Wanda ke shakkar tashin ƙiyama, to ya dubi gaiwa.

Ga minjirya, wadda duk masuncin da ya taɓa ta ba ya mantawa. Allah Ya sanya mata wata tsoka a ƙarƙashin fata mai haifar da lantarki, kuma na babba yakan kai ƙarfin bolt 350, alhali wutar da ke shigowa gidajenmu ba ta wuce 240 ba. Larabawa suna kiran ta ra'ad, wato mai tsawa, kuma malamin nan likita, Abdullaɗif al-Bagdadi, wanda ya rasu a 1231, ya siffanta ta cikin littafinsa a kan ƙasar Masar, shekaru ɗaruruwa kafin mutane su san lantarki.

Ga kuma yauni, wanda ke tafiya da baya kamar yadda yake tafiya gaba, cikin ruwa mai duhu, ba ya karo da komai. A 1951 wani masani a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Hans Lissmann, ya gano cewa yauni na fitar da wani raunanan lantarki da ke kewaye jikinsa kullum, kuma daga baya ya tabbatar cewa da shi yake gane abin da ke kusa da shi. Ashe kifin da muke sha a miya shi ya buɗe wa masana babi guda na ilmi. Balle talibambam mai kumbura kamar ƙwallo idan ya ji haɗari, ko giwan ruwa, wadda a bikin kamun kifi na Argungu na 2005 aka fito da mai nauyin kilo 75 daga Matan Fada.

DA CAN NAN TEKU NE

Wani abin da da yawanmu ba su sani ba shi ne, ƙasar Sakkwato ta taɓa zama ƙarƙashin teku. Masana ilmin duwatsu sun samu haƙoran kifayen teku, da ƙasusuwan kunkuru da na kada, a tsaunukan yankin Wurno da Goronyo da Dange. Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Kalambaina, daga ɓawon halittun wancan teku ta samo asali. Har akwai wata babbar dabbar teku mai doguwar muƙamuƙi da haƙora, wadda masana daga Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, saboda a yankin Goronyo aka samu ƙasusuwanta. Sun ƙiyasta ta rayu sama da shekara miliyan 65 da suka wuce. Wanda Ya mayar da teku ya zama gonar gero, babu abin da zai gagare Shi.

ABIN DA SAHABBAI SUKA GANI

Sahabbai ma sun gamu da irin wannan al'ajabi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya aika su, su 300, ƙarƙashin Abu Ubaida ɗan Jarrah (R.A.) zuwa gaɓar teku. Guzuri ya ƙare har suka koma cin ganye. Sai teku ya jefo musu wata dabba da ake kira anbar, kamar tsauni. Suka yi ta cin namanta wajen rabin wata, suna shafa kitsenta, har jikinsu ya murmure. Abu Ubaida ya sa aka kafa ƙashin haƙarƙarinta, mutum mafi tsawo a kan raƙumi ya wuce ta ƙarƙashi. A ruwayar Muslim, mutum 13 suka zauna cikin ramin idonta. Da suka koma Madina, Annabi (S.A.W.) ya shaida musu cewa arziki ne Allah Ya fitar musu, har ya ci daga abin da suka rage.

Ku lura, ya 'yan'uwa. Sun yi mamaki, sun gwada girmanta, sun ci, sun gode wa Allah. Babu wanda ya ce uwar ruwa ce, babu wanda ya yanke wani abu daga jikinta don yin laya.

Wannan dabba tana nan har yau, ita da danginta. Anbar na nutsawa fiye da mita 2,000, ta yi sama da awa guda ba ta leƙo ta shaƙi iska ba. Babba a cikin dangin, mai launin shuɗi, tsawonta kan kai mita 30, nauyinta ya haura tan 150, kuma ba a san wata dabba da ta fi ta nauyi ba. Amma abincinta wasu 'yan ƙananan jatanlande ne da ba su kai tsawon yatsa ba. Dukkansu suna haihuwa, suna shayar da 'ya'yansu nono kamar saniya.

CIKIN DUFFAN TEKU

A Suratun Nur, aya ta 40, Allah (S.W.T.) Ya buga misali da duffai na teku mai zurfi, sashe a kan sashe. Masana sun auna, sun ga hasken rana na raunana ƙwarai daga mita 200, kuma daga mita 1,000 babu shi sam. Wuri mafi zurfi da aka sani, a tekun Fasifik, ya kusa mita 11,000, kuma sai a 1960 mutum biyu, Jacques Piccard da Don Walsh, suka fara isa can.

A cikin wannan duhu akwai kifin da Allah Ya dasa wa wani tsinke a goshi, da 'yar fitila a ƙarshensa. Ƙananan kifaye su taho wajen hasken, su faɗa bakinsa. A 2022 an ɗauki hoton wani kifi yana yawo a zurfin mita 8,336 kusa da Japan, inda nauyin ruwa zai murƙushe mota kamar gwangwani.

Mafi ban mamaki shi ne abin da aka gano a 1977 kusa da tsibiran Galapagos, a zurfin wajen mita 2,500. Nan aka tarar da maɓuɓɓugan ruwan zafi a ƙasan teku, kewaye da wasu tsutsotsi masu jan kai, tsawonsu ya kai mita biyu, ba su da baki, ba su da hanji. To me suke ci? Allah Ya sanya wasu ƙwayoyin halitta a cikin jikinsu, waɗanda ke sarrafa iskar farar wuta da ke fitowa daga ƙasa, su mayar da ita abinci. Mu tuna Suratu Hud, aya ta 6, inda Allah Ya ɗauki nauyin arzikin kowace dabba. Wanda Ya ciyar da marar baki a inda rana ba ta kaiwa, shin zai manta da kai, har ka tafi wurin boka neman sa'ar kamu?

AYU DA ABIN DA JAHILCI YA JAWO MASA

Yanzu mu komo gida, ga dabbar da camfi ya fi cutarwa, wato ayu. Ana samun sa a Kwara da Binuwai, har da yankin Yawuri da tafkin Kainji. Dabba ce mai shaƙar iska, mafi yawan abincinta ciyawar ruwa ce, ba ta cizo, ba ta kai hari. Macen tana da nono biyu a kusa da hammata, tana shayar da ɗanta. Wanda ya hango ta da magariba ta ɗago kai daga ruwa, sai ya rantse mace ya gani. Daga nan labarin 'yar ruwa da Mamiwata ya samu ƙarfi. Ba mu kaɗai aka ruɗa ba. A 1493 matuƙin jirgin nan Kolumbus ya ga dangin ayu guda uku a tekun Karibiyan, ya ɗauka matan ruwa ne.

Mun yi imani da samuwar aljanu, domin Alƙur'ani ya tabbatar da su. Amma ayu ba aljani ba ne, dabba ce kamar tunkiya. Yau ana kashe shi saboda mansa, ana sayar wa mata da sunan wai yana mallake zuciyar miji, ana sayar wa 'yan kasuwa wai yana kawo farin jini. Zukata a hannun Allah suke, kuma jingina wa kitse abin da Allah bai sanya shi sababi gare shi ba, ƙofa ce ta shirka. Ga hasarar aƙida, ga ta dukiya, ga ta halitta, domin macen ayu kan yi wajen shekara guda da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tak. Shi ya sa dokar Nijeriya ta 1985 ta hana farautarsa, kuma a 2013 ƙasashen duniya suka hana cinikinsa tsakaninsu.

Haka nan yi wa gulbi yanka don ya ba da kifi ko don kada ya ci mutane. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (Allah Ya ji ƙansa), a littafinsa Nurul Albab, ya yi gargaɗi mai tsanani a kan masu yanka ga itatuwa da duwatsu. Hukuncin ruwa bai bambanta da nasu ba.

AMANAR DA KE KANMU

Allah Ya halatta mana farautar ruwa a Suratul Ma'ida, aya ta 96, kuma a mazhabar Imam Malik dukkan dabbar ruwa halal ce, har mushenta. Amma halacci bai ba da izinin ɓarna ba. Suratur Rum, aya ta 41, ta danganta ɓarnar tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata. Gulbinmu ya riga ya sauya tun da aka gina madatsun Bakolori da Goronyo, ambaliyar da kifi ke hayayyafa cikinta ta ragu. To ina dalilin da za mu ƙara masa da zuba maganin ƙwari irin su Gamalin, wanda ke kashe babba da ƙarami, ya cutar da mai ci da mai shan ruwan? Ina dalilin kamu da gidan sauro, wanda ke kwashe 'ya'yan kifin baɗi?

Saboda haka muna kira ga abubuwa uku. Na ɗaya, masuntanmu su jefa homa da sunan Allah, su bar laya da yanka. Na biyu, mu taimaki Sarkin Ruwa da hukuma wajen tsare dokar hana su a wurare da lokutan da aka keɓe, kamar yadda ake yi a Matan Fada, domin wannan al'ada ce mai kyau wadda shari'a ba ta ƙi ba. Na uku, malaman Islamiyya su koya wa yara sunayen kifayen gulbinsu da hikimar halittarsu, kuma iyaye su ƙarfafa wa 'ya'yansu karatun kimiyya tare da na addini. Magabata ba su raina wannan fanni ba. Al-Jahiz ya wallafa Kitabul Hayawan, Ad-Damiri ya wallafa Hayatul Hayawan.

Allah Ya sanya mu cikin masu tunani a kan halittarSa, Ya tsare mana imaninmu, Ya sanya albarka a gulbinmu da gonakinmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa.