Iska a Kulocin Mota

Direba ya taka kuloci ya ji shi laɓo-laɓo kamar ya taka soso, giya ta ƙi shiga sai da ƙara. Nan take wasu su ce faranti ya cinye, a sauke giyabos. Ni dai ina roƙo a dakata tukuna, domin sau da yawa iska ce kawai ta shiga layin mai.

Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Ƙarfin ƙafarka sai ya ƙare a kan kumfar iskar kafin ya kai masta na ƙasa, wanda ke tura kulocin.

Aikin fitar da iskar na mutum biyu ne. Yaro yana ciki, ya taka sau uku ko huɗu ya riƙe. Maigida yana ƙarƙashi da sifana, ya sassauta ɗan noti, mai ya fito da kumfa ta siririn tiyo, ya ɗaure, sannan ya ce a saki. In yaro ya ɗaga ƙafa kafin a ɗaure, iska ta koma, aiki ya dawo ɗanye. Haka ma in kofin mai ya ƙafe.

Abin da ya fi damuna shi ne man da ake zubawa. Kulocin yawancin motoci man birki yake sha, DOT 3 ko DOT 4, an kuma rubuta a murfin kofin. Man inji yana kumbura robobin ciki. Man birkin da aka bar shi a buɗe kuwa danshi yake zuƙa, musamman da damina, don haka a sayi sabuwar kwalba mai hatimi.