Rajistar Aji da Bin Sawun Amai da Gudawa

 

Duk wanda ya koyar a makarantun da ke tsakanin Ƙofar Waika da Ƙofar Dawanau har zuwa Ƙofar Ruwa ya san irin safiyar da ake kiran suna a aji ana jin shiru, a kira na biyu da na uku, sai wani yaro ya ce, "Malam, amai yake yi tun daren jiya." An nemi mu yi magana a kan yadda masana ke gano tushen irin wannan ciwo idan ya ɓarke. Mu ba likitoci ba ne, allo da alli muka sani. Amma da muka karanta yadda suke aikin, sai muka ga rabinsa ƙirge ne da tambaya da kwatantawa, wato abin da muke yi kullum.

Da yawanmu muna 'yan makaranta a 1996, shekarar da sanƙarau da kwalara suka haɗu a Kano. Daga Disambar 1995 zuwa Mayun 1996 an lissafa mutum 5,600 da suka kamu da kwalara a jihar nan, 340 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. A lura da watannin: hunturu ne da bazara. Saboda haka mai ɗaukar kwalara a matsayin baƙuwar damina kaɗai ya yi kuskure.

A asibitin cututtuka masu yaɗuwa, wanda muka fi sani da Asibitin Zana, wasu masana suka yi bincike a lokacin. Da farko suka tsayar da ma'anar wanda za a ƙirga: duk wanda aka kwantar saboda gudawa mai tsanani da ta fara kwanan nan har ruwan jikinsa ya ragu. Wannan mataki yana kama da ƙaramin abu, amma idan babu shi, mai zazzaɓi da mai ciwon ciki duk za su shiga buhu ɗaya, lissafi ya lalace. Suka samu mutum 102. Sannan suka nemi waɗanda za a gwada su da su, suka ɗauki mutum 77 daga masu jinyar sanƙarau a asibitin, mutanen gari ɗaya, a lokaci ɗaya, waɗanda ba su da gudawa. Aka yi wa ɓangarorin biyu tambayoyi iri ɗaya: ina kake zaune, me ka ci, wane ruwa ka sha, da me kake wanke hannu?

A nan hikimar take. Da masu kwalara kaɗai aka tambaya, da an ji kusan dukkansu sun ci tuwo, sai a ɗora wa tuwo laifi. Amma masu sanƙarau ma sun ci tuwo. Abin da ake nema shi ne inda ɓangarorin biyu suka bambanta. Aka ga masu kwalara sun fi shan ruwan da ake talla a titi, har haɗarin ya ninka fiye da sau uku. Aka kuma ga ga masu shan ruwan famfo a gida, da masu wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, haɗarin ya sauko zuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar. An buga sakamakon a 2003.

Kada wani ya fita daga nan ya ce malamai sun tsine wa 'yan garuwa. Bawan Allahn da ke tura kura da jarkoki cikin rana shi ne famfon unguwar da famfo ba ya kawo ruwa, kuma 'ya'yansa suna ajinmu. Tambayar ita ce daga ina aka ɗebo, yaushe aka wanke jarkar, kuma hannun wa da moɗar wa suka shiga randa bayan an juye.

Hanyar tsohuwa ce. A Landan, a 1854, wani likita mai suna John Snow ya bi gida gida yana sanya alama a taswira duk inda aka yi rashi, sai ya ga mace-macen sun kewaye wani famfon tuƙa-tuƙa a titin Broad. Har wata mata da ke zaune nesa, a Hampstead, ta rasu, ashe daga famfon ake kai mata ruwa don tana son ɗanɗanonsa. Hukumar unguwa ta cire hannun famfon.

To, ina namu aikin? A ce ranar Talata yara shida ba su zo ba, duk da amai da gudawa. Mu rubuta sunan kowa da shekarunsa da layinsu, da ranar da ciwon ya fara, da abin da ya ci ya sha a kwanaki biyar da suka wuce, domin kwalara kan bayyana daga sa'o'i 12 zuwa kwana 5 bayan shigar ƙwayar. Mu tambayi lafiyayyun ma, musamman abokan zamansu a benci. Idan duk layi ɗaya suke, ido ya koma kan rijiya ko mai kawo ruwa. Idan unguwanni daban-daban suke amma aji ɗaya, to mu duba randar makaranta da abin da ake sayarwa a bakin ƙofa lokacin tara. A ranar shugaban makaranta ya kai takardar ga jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko a kira hukumar NCDC a 6232. Gwajin bayan gida da na ruwa aikinsu ne. Kafin su iso, a ba yaro ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a garzaya da shi asibiti.

Mun san abin da ke hana iyaye magana. Wani yana jin kunyar a ce gidansa ƙazanta, wani kuma bai manta ba cewa a wancan asibitin, a waccan shekarar, aka yi gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau. Baƙo mai takarda da biro ba ya samun amsa cikin sauƙi a garin nan. Malamin da ya koya wa yaro baƙi da wasali, shi ake buɗe wa zaure. A 2021 kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, Kano tana cikin jihohin da suka fi jigata.

Muna roƙon shugabannin reshe su sanya maganar sabulu da butoci da makewayi a takardar buƙatunmu ta gaba, kusa da maganar ƙarin girma, domin akwai makarantun da ɗaruruwan yara ke layi a makewayi ɗaya. Kowace makaranta kuma ta zo taro mai zuwa da rajistar zangon da ya wuce, mu zauna mu ga makonnin da kujeru suka fi zama babu kowa.