LACCAR MAGATAKARDA A MASHI: A SAKI KASUWA, WA ZAI RIƘE TALAKA?



Kullum masu mulki suna ce mana a sakar wa kasuwa mara, wai haka Turai ta yi ta arzuta. To, bari mu duba abin da Turawan suka yi.

A 1948 yammacin Jamus kango ne, yaƙin Hitila ya cinye shi. Wani mutum, Ludwig Erhard, ya soke ƙayyade farashin kaya masu yawa, kantuna suka cika. Amma bai saki kuɗin hayar gida da na burodi ba, gama ciki ba ya jira. A 1957 Jamusawa suka yi dokar hana manyan kamfanoni haɗa baki su tsawwala wa mai saye, suka kuma ɗaura fanshon tsofaffi da albashin ma'aikata, in wannan ya hau wancan ya bi shi. A shekarar nan ce ƙasashe shida suka sa hannu a birnin Rum, suka haɗa kasuwarsu. Daga 1962 suka yanka wa manominsu farashin hatsi. In kasuwa ta faɗi ƙasa da shi, hukuma ta saye.

Mu fa? Mu ma an kafa mana hukumar sayen gyaɗa a 1949, sai dai tamu a juye take. Ta sayi gyaɗar kakanninmu da araha, ta sayar da tsada a ƙetare, rarar ta zauna hannun gwamnati. Dalar gyaɗa tana tashi a Kano, wanda ya noma ta yana neman rancen kuɗin haraji. A 1986 aka rushe irin waɗannan hukumomi, aka bar mu da 'yan baranda. A 2019 aka rufe iyaka fiye da shekara, mu da Nijar take bakin ƙofarmu! Ran 29 ga Mayu 2023 kuwa aka cire tallafin fetur da magana ɗaya, kun dai ga yadda kuɗin motar Katsina ya zama.

Ba mu ce a komo da tsohuwar hukuma ba, Allah ya kiyaye. Muna so a faɗi farashin gero da wake tun kafin shuka, gwamnati ta saya da kaka in sun faɗi, ta fitar da damina sa'ad da rumbu ya ƙare. Mudu kuma ya zama ɗaya a kowace kasuwa.

Kowane reshe ya rubuto mana farashin da ya gani ran kasuwa, mu haɗa mu kai majalisa.