Sharhi: Wa Zai Tsaya Maka a Neman Diyya?



Kullum da asuba ma'aikata na barin Suleja da Madalla zuwa Abuja. Idan haɗari ya nakasa ɗayansu, wa zai tsaya masa?

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa hukumar NSITF nauyin biyan diyya. Masu ɗaukar ma'aikata ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun diyyar. Dokar ta haɗa har da haɗarin da ya auku tsakanin gida da wurin aiki. Amma akwai wa'adi: a sanar da shugaban aiki cikin kwana 14, a shigar da buƙata cikin shekara 1.

Wanda ke kwance a asibiti ba zai iya wannan zirga-zirga ba, dole ya nemi wakili. To, a duba amana tukuna. Lauya ne ko jami'in ƙungiyar ƙwadago, a rubuta ladansa tun farko, a riƙe asalin takardun likita, kuɗin kuma su shiga asusun mai haƙƙi. Marar hali ya tuntuɓi hukumar Legal Aid Council, mai taimakon talaka kan shari'a.

Diyya haƙƙi ce, ba sadaka ba. Kada mu bari 'yan kanzagi su cinye gumin ɗan'uwanmu.